Mudun Takarda Da Mudun Kasuwa

 A makon nan za mu ɗauko wata magana wadda a ido ƙarama ce ƙwarai, har wani ma ya ce ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba, watau gyaran kalma ɗaya tak a cikin littafin jagora na masu rubuta manhajar kwamfuta. To amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka ina roƙon wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya yi haƙuri ya biyo ni sannu a hankali, domin in dai yana riƙe da wayar hannu, ko yana zuwa cirar kuɗi wurin mai POS, to maganar ta shafe shi ko bai sani ba.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola gida biyu, aka sami Adamawa da Taraba, Jalingo kuwa ta zama babban birnin sabuwar Jihar Taraba. Kwana biyu kafin wannan, watau ranar 25 ga watan, wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana harhaɗa wata manhaja don sha'awar kansa, wadda daga baya aka raɗa wa suna Linux. Ashe ke nan Taraba da Linux tsaran juna ne. A yau duk wata waya mai Android da ke hannun mutanen Jalingo, daga Mayo Gwoi zuwa Magami, a kan Linux take tafiya, haka nan da yawa daga cikin na'urorin POS, da galibin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Abin da ya sami littafin jagorar wannan manhaja, a ƙarshe yana iya iso mu har gida.

Mene Ne Kiran Cibiya?

Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, irin su Windows da Linux, wadda ke riƙe da ragamar na'urar duka. A tsakiyar wannan uwa akwai wani sashe da za mu kira cibiya, shi kaɗai ke da ikon taɓa ma'ajiyar fayil, da hanyar sadarwa, da agogo, da sauran kayan cikin na'ura. Ƙananan manhajoji, irin wadda kake aika saƙo da ita ko wadda banki ya ba ka, ba su da wannan iko. Misalinsu kamar mai koke ne a fada: ba ya kutsa kai cikin gida ya ɗauki abin da yake so, sai ya tsaya a zaure ya faɗi bukatarsa bisa tsarin da aka sani, a shiga da ita, a fito masa da amsa. Wannan miƙa bukata shi muke nufi da kiran cibiya, kuma a Linux irin waɗannan kiraye-kiraye sun haura 300.

Kowane kira yana da sunansa, yana kuma da gurabe waɗanda mai kira zai cike, tamkar fom ɗin neman aiki. Ɗauki kiran da ake ce wa read, wanda da shi ake ɗebo bayani daga fayil. Gurabensa uku ne: lambar fayil ɗin da aka buɗe, da wurin da za a zuba abin da aka ɗebo, da yawan abin da ake so a ɗebo. Sai dai ba a cike gurbi yadda aka ga dama. Kowane gurbi yana da nau'insa, watau irin lambar da yake karɓa da girman mazubin da za a zuba ta. Littafin jagora shi ke gaya wa mai rubuta manhaja sunan kira, da yawan gurabensa, da nau'in kowane gurbi. Idan littafin ya ce nau'i kaza ne alhali kuwa cibiya wani nau'in take jira, to an shuka fitina.

Don a gane abin da ake nufi da nau'i, mu leƙa kasuwa. Idan ɗan kasuwar doya a Zing ya ce maka ƙwarya biyu, doya ɗari biyu yake nufi, amma in mai fura ce ta faɗi haka, mazubi biyu take nufi. Dattawanmu kuma ba su manta da ranar 1 ga Janairu 1973 ba, lokacin da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma. A wancan lokaci duk wanda ya rubuta wa abokin cinikinsa cewa yana binsa bashin 20, bai faɗi ko fam ko naira ba, ya bar baya da ƙura. Lamba ita kaɗai ba ta cika magana sai an san da wane mudu aka auna ta.

Haka abin yake a cikin kwamfuta. Ita tana ajiye lamba ne a cikin 'yan ƙwayoyi da ake kira bit, kowace ƙwaya ko dai sifiri ce ko ɗaya, takwas daga cikinsu kuwa su ne bayit guda. A harshen C, wanda da shi aka rubuta cibiyar Linux, nau'in da ake kira int mazubi ne mai bayit 4, yana ɗaukar lamba har zuwa 2,147,483,647, yana kuma ɗaukar lambobin da ke ƙasa da sifiri. Nau'in size_t kuwa bai san ƙasa da sifiri ba sam, kuma girmansa yana bin girman na'ura: bayit 4 ne a na'ura mai bit 32, bayit 8 ne a mai bit 64. Akwai kuma long, wanda a Linux mai bit 64 bayit 8 ne, amma a Windows mai bit 64 bayit 4 ne. Suna ɗaya, mudu biyu, kamar yadda mudun wata kasuwa ba lalle ne ya zo daidai da na wata ba.

Asalin Littafin

Wannan littafi da muke magana a kansa tsoho ne, ya girmi Linux da shekara ashirin. Bugu na farko na littafin jagorar Unix, manhajar da Linux ta ɗauko tsarinta, yana ɗauke da kwanan wata 3 ga Nuwamba 1971, Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka rubuta shi a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka. Tun daga wancan bugu aka keɓe kashi na biyu na littafin don kiran cibiya, kuma har yau haka yake. Wani abin sha'awa shi ne, a shafukan nan na farko an tanadi wuri inda ake faɗin aibin da aka sani game da abin da shafin ke bayani a kai, da wani wurin kuma inda ake rubuta sunan wanda ke da alhakinsa. Watau tun ran gini ran zane, mutanen nan sun yarda cewa aikin ɗan Adam ba ya rasa tawaya, kuma dole a san wanda za a tunkara in an ga kuskure.

Na Linux kuwa an fara tattara shi a 1993 a hannun Rik Faith. Daga 1995 Andries Brouwer, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, ya riƙe shi har zuwa 2004, sa'an nan Michael Kerrisk ɗan ƙasar New Zealand ya karɓa ya yi shekaru fiye da goma sha biyar yana ɗawainiya da shi. A 2020 Alejandro Colomar ya shigo ya kama masa, daga baya ragamar ta koma hannunsa. Abin lura a nan shi ne, shi Colomar ta ƙofar wannan ƙaramin aiki ya shigo, watau bin shafuka yana daidaita nau'o'in gurabe, kuma a shekarar ce aka ƙara shafi na musamman mai bayanin nau'o'in lambobin da tsarin ke amfani da su. A watan Satumba 2024 ya sanar da cewa ya dakatar da aikin domin ba shi da halin ci gaba da yinsa kyauta, sai da wasu kamfanoni suka ɗauki nauyi kana ya koma. Mai karatu ya duba ya gani: littafin da duniya ta dogara a kansa, ashe 'yan mutane ƙalilan ne ke riƙe da shi, su ma ɗin ba kullum ake tunawa da su ba.

Misalai Uku

Misali na farko shi ne kiran read da muka ambata. Idan ya gama aiki yakan dawo da amsa, watau yawan bayit ɗin da ya samo, in kuwa ya kasa sai ya dawo da ɗaya ƙasa da sifiri, alamar an sami matsala. Don haka nau'in amsarsa ssize_t ne, wanda ya san ƙasa da sifiri. Bambancinsa da size_t harafi ɗaya ne kacal. To a ce wani littafi, ko takardar darasi da aka raba wa ɗalibai, ta yar da wannan harafi. Ɗalibi zai tanadi mazubin da bai san ƙasa da sifiri ba, ranar da kiran ya kasa kuwa, alamar gazawar nan za ta rikiɗe ta zama 4,294,967,295 a na'ura mai bit 32. Manhajarsa, maimakon ta tsaya ta ce an sami matsala, sai ta ɗauka an kawo mata bayit sama da biliyan huɗu, ta shiga laluben wuraren da ba nata ba a cikin ƙwaƙwalwar na'ura. In an yi sa'a ta faɗi nan take a gane. In ba a yi sa'a ba ta ci gaba da aiki da gurɓataccen bayani, ko kuma ɓarayin intanet su sami ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misali na biyu ya faru da gaske, kuma tsofaffin shafukan littafin Linux sun adana labarinsa. Akwai kira mai suna accept, wanda da shi kwamfuta ke karɓar wadda ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ta hanyar sadarwa. Ya samo asali ne daga Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1980, kuma gurbinsa na uku yana nuni ne ga mazubi mai nau'in int. Da masu tsara ƙa'idar POSIX, watau ƙa'idar da ke daidaita tsakanin manhajojin gidan Unix, suka zo rubuta nasu daftarin, sai suka so su mayar da shi size_t, a ganinsu ai gurbin tsawo yake aunawa. A na'ura mai bit 32 babu wanda zai ga bambanci, tun da duka biyun bayit 4 ne. Amma na'urori masu bit 64 sun riga sun fara fitowa, irin su Alpha ta kamfanin DEC a 1992, a can kuwa ɗaya bayit 4 ne ɗaya bayit 8. Idan manhaja ta tanadi mazubi mai bayit 4 aka zuba mata 8, rarar za ta malale ta ɓata abin da ke maƙwabtaka da shi. Idan kuma ta tanadi mai 8 aka cika rabi, sauran rabin tarkace ne. Torvalds yana cikin waɗanda suka yi tsaye a kan cewa wannan canji kuskure ne. A ƙarshe aka ƙirƙiro sabon suna, socklen_t, wanda a Linux girmansa daidai yake da na int. Kalma ɗaya a takarda, amma sai da ta ci shekaru ana ja-in-ja.

Misali na uku yana gabanmu, bai iso ba tukuna. Manhajojin gidan Unix suna ƙidaya lokaci ne da daƙiƙa, tun daga farkon ranar 1 ga Janairu 1970, suna zuba adadin a nau'in time_t. A tsofaffin na'urori wannan mazubi bit 32 ne, zai kuwa cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya. Daƙiƙa ɗaya bayan cikarsa agogon na'urar zai koma watan Disamba 1901. An riga an ɗauki mataki: Linux ta 5.6 da ta fito a 2020, da rumbun manhaja na glibc 2.34 da ya fito a 2021, sun buɗe hanyar faɗaɗa mazubin zuwa bit 64 ko a ƙananan na'urori. Amma duk manhajar da mai ita ya karanta a wani tsohon littafi cewa lokaci int ne, ya kuma rubuta haka, wannan gyara ba zai cece ta ba. Takardar bashi ko ta fansho da za ta kai shekara ashirin tun yanzu ta tsallake 2038, saboda haka kada a ce da sauran lokaci.

Wani zai ce ai akwai manhajar tafinta, wadda ke juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen na'ura, ita za ta kama irin wannan saɓani. Gaskiya ne tana kama wasu, musamman tun daga 1989 da aka fitar da ƙa'idar harshen C wadda ta tabbatar da bayyana nau'in kowane gurbi. Amma ba duka take kamawa ba. Zuba ssize_t a cikin size_t halal ne a wurinta, sau da yawa ko tari ba za ta yi ba. Bugu da ƙari, masu rubutu da wasu harsuna, irin su Python da Go da Rust, sukan kwafi bayanin kira da hannu su gina gadar da za ta sada harshensu da cibiya. A nan babu tafintan da zai duba musu, abin da littafi ya faɗa shi za su ɗauka. Kuskure ɗaya a littafi sai ya haifi 'ya'ya a harsuna da dama.

Wanda ke shakkar abin da saɓanin gurbi ke iya jawowa ya tuna ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da wani sabon fayil da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik a ƙasashe da yawa. Binciken da kamfanin da kansa ya fitar ya nuna cewa wani sashe na manhajar yana jiran gurabe 21, alhali wanda ke miƙo masa 20 yake bayarwa. Wannan ba a littafin jagora ya faru ba, amma cutar iri ɗaya ce: ɓangarori biyu ba su yi ittifaƙi a kan fom ɗin da ke tsakaninsu ba.

Wa Ya Yi Kuskure, Takarda Ko Na'ura?

A nan ne aikin yake bukatar natsuwa, domin ba duk saɓani ne laifin takarda ba. A watan Satumba 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Takardar yarjejeniyar aikin ta ce a ba da ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin metirik, amma wata manhaja a ƙasa tana bayarwa da ma'aunin Ingilishi na fam, bambancin kuwa ya kusa ninki huɗu da rabi. A wannan karon takarda ce mai gaskiya, manhaja ce ta saɓa. Da wani mai gaggawa ya gyara takardar don ta dace da manhajar, da ya ƙara wa Borno dawaki ne kawai.

Wani lokaci kuma kowa yana da gaskiyarsa. Akwai kira mai suna ioctl, wanda da shi ake ba na'urori umarni na musamman. Gurbinsa na biyu, a cikin cibiyar Linux kanta, int ne marar ƙasa da sifiri. Rumbun glibc, wanda yawancin manhajoji ke bi ta cikinsa kafin su isa cibiya, ya rubuta shi long marar ƙasa da sifiri. Wani rumbun kuma mai suna musl ya rubuta shi int gundarinsa, bisa bin POSIX. Gurbi ɗaya, nau'i uku. Mai ƙaramin sani zai buɗe littafi ya ga long, ya leƙa cibiya ya ga int, ya yi kururuwa ya gano kuskure, alhali kuwa shafin yana bayani ne a kan abin da rumbu ke nuna wa mai rubutu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shi ya sa shafuka da yawa na littafin suke da sashe na musamman mai bayyana inda rumbu da cibiya suka bambanta.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu, daga Sakkwato har Muri, ba su ɗaukar kwafi ya kammala sai an yi muƙabala, watau an zauna an gwada shi da asalin da aka kwafo, layi bayan layi. In an ga kalma ta faɗi ko ta canza, sai a rubuta daidai ɗin a gefen shafi a sa alamar an inganta. Ba su gyara da ka, ba su kuma jin kunyar a ga gyara a gefen littafinsu, domin sun san wanda zai karanta bayan shekara ɗari ba shi da wanda zai tambaya sai takardar. Mai gyaran littafin jagorar kwamfuta magajin waɗannan malamai ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka wanda ya ga abin da yake zaton kuskure ne, ga hanyar da masu wannan aiki ke bi. Da farko ya gwada shafin da fayil ɗin da ke cikin na'urarsa wanda rumbu ya bayyana kiran a ciki, sa'an nan ya duba asalin rubutun cibiya, tun da na Linux a buɗe yake ga kowa. Na biyu ya duba abin da POSIX ta ce. Na uku ya rubuta 'yar gajeriyar manhaja ya auna girman mazuban da kansa, in da hali a na'ura mai bit 32 da mai bit 64, domin gani ya kori ji. Na huɗu ya aika wa masu kula da littafin gyaransa tare da hujja, ya faɗi bugun da ya duba da inda ya ga saɓanin. In kuma nau'in ya canza ne daga wani bugu zuwa wani, kada a share tsohon bayani, a rubuta cewa kafin bugu kaza haka yake, saboda har yanzu akwai masu aiki da tsofaffin na'urori.

Rabonmu A Ciki

To, ina ruwan Jalingo da wannan duka? Ruwanta babba ne. Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008, da Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka kafa a 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bali, duk suna yaye matasa masu ilmin kwamfuta, ga kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani. Waɗannan matasa su ne za su rubuta manhajar biyan albashi, da ta ajiye bayanan marasa lafiya, da ta karɓar haraji a jiharsu. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya nuna mana yadda cinikin mai tumatir da mai acaɓa ya koma rataye a wuyan manhaja. Idan aka gina waɗannan a kan bayanin da bai inganta ba, talaka ne zai tsaya a layi ana ce masa na'ura ta ƙi.

Har ila yau, ɗalibinmu ya fi na wasu ƙasashe dogara ga littafin nan. Inda wuta ba ta tsayawa, kuɗin data kuma ya yi tsada, babban gata ne a ce littafin yana zaune a cikin na'urarka: a yawancin kwamfutoci masu Linux, in ka rubuta man 2 read shafin zai bayyana ko babu intanet. Ga kuma sabon yayi na tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Su ma ɗin daga rubuce-rubucen mutane suka koya, har da littattafan jagora da kurakuransu, kuma sukan maimaita kuskure cikin murya mai cike da tabbaci. Gyara ɗaya a tushe ya fi gyara dubu a rassa.

Akwai kuma wata riba. Matashin da ke zaune a Sabon Gari ko Nukkai ba ya bukatar biza ko jari kafin ya sa hannu a wannan aiki. Abin da ake nema a gare shi ido ne mai lura, da haƙurin bincike, da ladabin gabatar da hujja. In an karɓi gyaransa, sunansa zai shiga tarihin littafin inda duk mai neman ma'aikaci zai iya dubawa, wannan kuwa shaida ce da ba a saye da kuɗi. In ma an mayar masa da shi an ce bai fahimta ba, ya ƙaru da ilmin da ba lalle ya samu a aji ba, matambayi ai ba ya ɓata.

Don haka muna kira ga malaman da ke koyar da wannan fanni a Taraba da sauran jihohinmu da su riƙa yi wa takardun darasinsu muƙabala da littafin jagora na yanzu kafin su raba, domin da yawa daga misalan da ke yawo an kwafo su ne daga littattafan zamanin na'urori masu bit 32. Su kuma riƙa ba ɗalibai aikin ɗaukar shafi ɗaya daga kashi na biyu, su bi gurabensa ɗaya bayan ɗaya su gwada da abin da ke cikin na'ura, su kawo rahoto, ko sun sami kuskure ko ba su samu ba. Ma'aikatu da hukumomin da ke ba da kwangilar rubuta manhaja su ma su sa sharaɗi cewa ba a biyan kuɗin ƙarshe sai an miƙa littafin jagora wanda ya faɗi nau'in kowane gurbi, an kuma gwada an ga ya dace da abin da manhajar ke yi, domin ɗan kwangila zai tafi, wanda zai gaji aikin kuwa takardar kaɗai za a bar masa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya gwada wannan aiki na muƙabala, ko malami ko ɗalibi, muna maraba da wasiƙarsa a kan abin da ya gano, za mu kuwa kawo ta a wannan fili don amfanin sauran 'yan'uwa.